Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are: ku dubi kogin nan har ƙarshensa

Zuwa ga Manajan Darakta da sauran shugabannin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, Kano.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, na rubuto muku ne daga ƙasan kogi, daga yankin da ruwan da kuke saki a madatsun Tiga da Challawa yake isowa bayan ya gama ratsa Kano da rabin Jigawa. Na zaɓi in yi maganar a bainar jama'a domin ba tawa ce ni kaɗai ba. Ta shafi manomin shinkafa a Auyo, da masunci a Nguru, da makiyayin da ke sauko da shanunsa fadamar Guri da rani, har da mai noman tattasai a Diffa, wanda bai taɓa ganin ofishinku ba amma abincinsa yana rataye da abin da kuka yanke a ciki. Buƙatata guda ce, sauran duk rassanta ne: ku riƙa tafiyar da wannan ruwa a matsayin kogi ɗaya, tun daga duwatsun da ya fito har bakin Tafkin Chadi.

Na san kun fi ni sanin taswira. Duk da haka ku yi haƙuri in bi kogin tare da ku daga sama zuwa ƙasa, saboda matsalarmu tana cikin yanayin tafiyarsa ne, kuma masu karanta wannan wasiƙa da yawa sun san guntun da ya wuce ta garinsu kawai.

Kogin Kano yana tasowa daga tsaunukan kudancin jihar, wajen Riruwai, inda ƙasa ta fara hawa zuwa tudun Jos. Ya ratsa dajin Falgore, ya faɗa madatsar Tiga, wadda aka gama a 1974 a zamanin Audu Bako, da niyyar ta riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan 2. Kogin Challawa kuma daga yamma yake zuwa, an tare shi a Ƙaraye da madatsar da aka kammala a 1992, mai ɗaukar sama da kubik mita miliyan 900, sannan ya karɓi Watari da ke gangarowa daga Bagwai. Su biyun suna haɗuwa a kusa da Tamburawa, kudu da birnin Kano. Daga nan sun zama ruwa ɗaya. Mutanen Wudil su ce Kogin Wudil, mu a ƙasa mu ce Kogin Haɗeja.

Abin da ke faruwa bayan Wudil shi ne wanda ba a cika kula da shi ba. A sama kogin yana gudu ne a kan dutse, yana da gangara, yana da gaɓa tsayayya. Da ya wuce Wudil sai ƙasa ta kwanta, dutse ya nutse can ƙasa, yashi da laka su maye gurbinsa. Gudun ruwan ya ragu ƙwarai. Ya bi ta Ringim da Taura da Miga yana lanƙwasa tsakanin jigayi, yana zubar da yashin da ya ɗauko daga sama, wani kaso yana nutsewa cikin ƙasa yana cika rijiyoyin ƙauyukan da ke nesa da gaɓa. Tun kafin ya kai Haɗeja reshen Kafin Hausa ya balle. Bayan Haɗeja kuma, a yankin Likori, ya rabu uku: Marma ta yi arewa zuwa tafkin Nguru, Burum Gana ta bi nata, tsohon Kogin Haɗeja ya nufi gabas, kuma shi ne tun asali yake kai ruwa Gashuwa. Kogi irin wannan, wanda ke tafiya a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, ƙaramin tulin yashi a bakin reshe ɗaya ya isa ya juya akalar ruwan gaba ɗaya zuwa wani reshen.

Ɗan'uwansa Jama'are daga tudun Jos yake fitowa. Dilimi ɗin nan da ke ratsa tsakiyar garin Jos yana cikin mafarinsa. A ƙasar Ningi ana kiransa Bunga, ya gangaro ta garin Jama'are, ya bi ƙasar Katagum, ya bazu a fadamu, sannan ya sadu da abin da ya rage na Haɗeja dab da Gashuwa. Daga wannan mahaɗa sunan ya koma Yobe. Ya wuce Gaidam, a wajen Damasak ya karɓi Komadugu Gana, wato Kogin Misau da ya taso daga ƙasar Bauchi, ya zama iyakar Najeriya da Nijar, ya shayar da Diffa, ya shiga tafki tsakanin Bosso da Malam Fatori. Gaskiya ne mafi yawan ruwan Tafkin Chadi daga Shari da Logon yake zuwa ta kudu, kason Yobe kaɗan ne. Amma a ɓangaren arewa na tafkin babu wani kogi da ke shiga sai shi.

Jihohi shida ke nan, Filato da Bauchi da Kano da Jigawa da Yobe da Borno, ga kuma Jamhuriyar Nijar. Makullin kusan kashi 80 cikin 100 na ruwan Kogin Haɗeja yana hannunku, a Tiga da Challawa.

Kafin a gina madatsun nan, iyayenmu sun san kogin da fuska biyu. Da damina ta yi nisa, wajen Agusta zuwa Satumba, ruwa ya zo da ƙarfinsa, ya wanke hanyarsa, ya haura gaɓa ya mamaye fadama. An riga an shuka shinkafa da ruwan sama, ambaliyar ta zo ta raine ta. Kifi ya bi ruwan ya shiga ciyawa ya yi ƙwai. Da kaka ruwa ya fara janyewa, manomi ya bi bayansa yana shuka wake da kuɓewa da kankana a kan danshin da ya bari, masunta su tare bakin ƙoramu da mali da koma, suna kwasar tarwaɗa da ƙarfasa. Bayansu Fulani su sauko, shanu su ci ciyawar da ta tsiro, su bar taki. Zuwa bazara yawancin rassan sun bushe ƙaƙas, rana ta ƙone saiwar duk wata ciyawar ruwa, kofaton shanu ya tattake sauran. Fili ɗaya yana ciyar da mutum uku a shekara, kowa da lokacinsa, kuma bushewar nan ta rani ita ce sharar da kogin yake yi wa kansa.

Ba zan yi butulci ba. Tiga ta yi wa Kano alheri mai yawa. Duk wanda ya bi ta Kura da Kadawa da Bunkure da Garun Malam da rani ya ga shinkafa da tumatir da alkama kore shar, ya ga motocin da ke lodi zuwa kudu, ya san abin da ruwan nan ya yi wa dubban gidaje. Famfunan birnin Kano daga Tamburawa da Challawa suke sha. Mu ma a Auyo muna da namu aikin noman ranin na kwarin Haɗeja, kuma gyaran kanal-kanal da aka yi a ƙarƙashin shirin TRIMING na Bankin Duniya ya amfani mutane. Ba na roƙon a hana ɗan Kura ruwa. Shi ma ɗan'uwana ne, neman halaliyarsa yake.

Sai dai yadda ake sakin ruwan ya sauya ɗabi'ar kogin. Babbar ambaliyar da ke wanke hanya an riƙe ta a bayan madatsa. A madadinta ana sako ruwa kaɗan-kaɗan duk tsawon rani domin matatun ruwan Kano da gonaki, abin da ya saura ya gangaro mana, ba ƙarfi, ba yankewa. Rassan da suka saba bushewa suka daina bushewa. Ruwa marar zurfi, mai tafiyar hawainiya, ɗauke da ragowar takin zamani daga gonakin sama: babu abin da ciyawar kachala take so a duniya kamar wannan.

Ina roƙon duk wanda bai taɓa shiga cikin kachala ba a cikinku ya zo ya gani da idonsa. Ta fi mutum tsawo nesa ba kusa ba, ta tsaya cunkus, kwale-kwale ba ya ratsa ta. Saiwarta tana tafiya a ƙarƙashin laka, tana saƙa kanta, duk yashin da ruwa ya kawo sai ta riƙe shi, ƙasan kogin ya riƙa tasowa shekara bayan shekara. Za ku ga matasan gari sun yi gayya, sun shiga ruwa har ƙirji da lauje da adda, matsattsaku na manne musu a ƙafa, suna sara suna ja zuwa gaɓa tun safe har la'asar. Su buɗe hanyar da jirgi ɗaya zai bi. Kafin wata damina ta dawo ta rufe kamar ba a taɓa ta ba, domin abin da aka sare sama ne kawai, saiwa tana nan, ruwan da ke raya ta bai yanke ba.

A cikinta kuma tsuntsun jan-baki yake kwana. Idan shinkafa ko gero ya fara nono, tun asuba yara suna gona, an ja igiya daga wannan kusurwa zuwa waccan, an rataya gwangwanaye da tsakuwa a ciki, ana girgizawa ana ihu har makogwaro ya bushe. Garken tsuntsun ya taso daga kachala ya sauka a gonar da babu mai tsaro, cikin ɗan lokaci ya bar kara tsaye. Yaran nan a aji ya kamata a same su a wannan sa'ar. Ga sauro da ke hayayyafa a ruwan da ya tsaya, ga tsargiya a jikin yaran da ke wanka a ciki.

Babbar ɓarnar ita ce wadda ta faru a mararrabar Likori. Yashi da kachala sun toshe bakin tsohon Kogin Haɗeja da na Burum Gana, ruwan ya rasa hanya sai Marma. Sakamakon haka, a gefen Marma da Nguru gonakin da aka gada kaka da kakanni sun zama tafki na dindindin, akwai shekarun da ruwa ya yanke hanyar mota tsakanin Haɗeja da Nguru, ƙauyuka suka tashi. A ɗaya gefen kuwa, mutanen da ke bakin tsohon kogi suna kallon busasshiyar hanya, suna haƙa rami a cikin yashi su kafa injin ban ruwa. Mutum yana kukan ruwa ya ci gonarsa, ɗan'uwansa da ke tafiyar rabin yini yana kukan ƙishirwa, kuma dukansu abu ɗaya ne ya same su. Ruwan da ya shiga Marma yawancinsa a tafkin Nguru da cikin kachala yake ƙarewa, rana ta shanye shi. Abin da Haɗeja ke kai wa Gashuwa ya zama ɗan kaɗan. Idan aka rasa mashaya da makiyaya a inda aka saba, garke ya doshi inda danshi ya rage, wanda kuma a nan ne manomi ya yi shuka. Rigimar manoma da makiyaya da ake yawan ji a Guri da Kirikasamma tana da tushe a wannan, ruwa ba ya tsami banza.

Wannan ya kawo ni kan Kafin Zaki. Tun ƙarshen shekarun 1970 ake maganar madatsa a kan Kogin Bunga a ƙasar Ningi, an fara an tsaya, an sake tayarwa an sake ajiyewa, kuma duk lokacin siyasa sai ta dawo. Na fahimci 'yan'uwanmu na Bauchi. Suna ganin ruwa yana wucewa ta ƙofar gidansu, suna ganin abin da Tiga ta yi wa Kura, suna son nasu. Amma a yau Jama'are ne kaɗai babban reshen da ya rage yana zuwa da ambaliyarsa ta asali, kuma kusan shi kaɗai ke riƙe da Yobe. Ruwan da Gashuwa da Gaidam da Damasak da Diffa suke gani da kaka nasa ne. Madatsar da aka tsara za ta riƙe kusan kubik mita biliyan 2.7, ta fi Tiga. In aka gina ta aka tafiyar da ita kamar yadda aka tafiyar da na Kano, abin da ya sami Likori zai sami Katagum, kuma Yobe ba shi da wani babban kogi na uku da zai jingina da shi. Ra'ayina a fili yake: kada a ɗora ko bulo ɗaya a Kafin Zaki sai an fara gyara abin da ya lalace a Haɗeja, an nuna a aikace cewa za a iya riƙe madatsa ba tare da an kashe na ƙasa ba, an kuma rubuta kason Yobe da Borno da Nijar, kowa ya sa hannu.

Masana da suka yi aiki da shirin kare dausayin Haɗeja da Nguru a shekarun 1990 sun auna abin da ruwa ke samarwa a fadama, wato noma da kifi da itace, suka kwatanta da abin da daidai wannan ruwan ke samarwa a aikin noman rani na Kano. Fadama ce ta yi rinjaye, da rata mai yawa. Amfanin fadama ba ya zuwa a tirela ɗaya da za a ɗauki hoto, a warwatse yake: bandar kifi a kasuwar Nguru, kaba da goruba, nonon da Fulani ke kawowa, rijiyar da ba ta ƙafe ba. Shi ya sa yake da sauƙin mantawa a teburin kasafi. Duniya kuwa ta san darajar wurin. Tafkin Nguru da Marma, hekta 58,100, shi ne wuri na farko da Najeriya ta sa a jerin dausayi masu muhimmanci na duniya, wanda ake kira Ramsar, a shekarar 2000, kuma tsuntsaye daga Turai suna ƙetare Sahara su yi hunturu a Dagona da Baturiya.

Ba sabon tsari nake nema ba, an riga an yi. A 1990 Najeriya da Nijar sun sa hannu a Maiduguri kan raba ruwan da suka yi tarayya a kai, har da ƙasan Yobe. A 2006 jihohin nan shida sun zauna a Damaturu, aka amince da tsarin kula da kwarin gaba ɗaya, aka kafa asusun amana na Haɗeja, Jama'are da Komadugu Yobe. An tsara yarjejeniyar rabon ruwa. Takardu suna nan. Abin da ya rage shi ne mai riƙe da makullin madatsa ya yi aiki da su.

Farkon abin da nake roƙo ba ya cin kuɗi: ku fitar da jadawalin sakin ruwa na shekara, ku bayyana shi. Manomin Miga ko Hantsu ya san cewa a mako kaza za a ƙara, a mako kaza za a rage. A faɗa a Rediyon Jigawa da na Yobe da gidajen rediyon Kano, da Hausa da Fulatanci da Kanuri da Bade, a aika wa hakimai da dagatai da sarakunan ruwa. A damina kuma, idan madatsa ta kusa cika za ta fara amai, ku sanar tun da sauran kwanaki. Ruwa yana ɗaukar lokaci kafin ya taso daga Wudil ya iso Haɗeja, wannan lokacin ya isa a kwashe hatsi daga rumbu, a ɗaure buhunan ƙasa a jinga, a fitar da tsofaffi. Kowa ya ga abin da ambaliyar 2022 ta yi a Ringim da Miga da Auyo da Kafin Hausa da Haɗeja, rayukan da aka rasa da gonakin da suka tafi. Na yarda ruwan sama ne ya yi yawa, kuma ba kowace ambaliya ce daga madatsa take ba. To amma idan ba a faɗa wa mutane komai ba, jita-jita ce take cika gurbin, kowa ya ce an buɗe Tiga, ko an buɗe ko ba a buɗe ba. Bayani a kan lokaci kariya ce gare ku kamar yadda yake gare mu.

Haka nan lafiyar madatsun kansu. Bagauda ta ɓalle a 1988. Tiga ma an rage tsawon mazubarta a 1992 domin a sassauta mata nauyi. Alau ta ɓalle a Satumbar 2024, Maiduguri ta kwana cikin ruwa. Alau ba a hannunku take ba, amma in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Tiga ta haura shekara 50, garuruwa da yawa suna kwance a ƙarƙashinta. A riƙa duba ta, a riƙa faɗa mana abin da aka gani.

Na biyu ya fi wuya, amma shi ne maganin kachala na gaskiya. A mayar wa kogin da wani abu na ɗabi'arsa. A shekarar da madatsu suka cika, a saki ambaliya mai ƙima a lokacin da Jama'are ma yake kan ganiyarsa, yadda ruwan biyu za su haɗu su ture yashi su cika fadama. Da rani kuma a ware makonni, bayan an yi shawara da hukumar ruwan Kano da ƙungiyoyin manoman Kadawa da Auyo, a rage abin da ke gangarowa ƙasa har rassan su bushe, a ƙone saiwar, a saki shanu su tattake. Injunan yashe kogi masu tafiya a ruwa da gwamnatin Jigawa ta sayo suna taimakawa, mun ga aikinsu, amma inji yana yanka ne ruwa yana shukawa. Idan za a yi yasa, a fara buɗe bakin tsohon Kogin Haɗeja da Burum Gana, a bi su har Gashuwa, kada a gyara sama a turo ruwa inda ba shi da mafita. A mararrabar Likori a gina ƙofar raba ruwa mai ƙarfi, wadda za ta kayyade abin da ke shiga Marma, a sa wakilan garuruwan kowane reshe cikin masu kula da ita, domin in ba haka ba kowane ƙauye zai ci gaba da fita da dare yana fasa gaɓa ko yana toshewa don ya tsira da gonarsa.

Ku dawo da ma'aunan ruwa a Wudil da Haɗeja da Likori da Bunga da Katagum da Gashuwa da Gaidam, a sa mai karantawa kullum, a biya shi haƙƙinsa, a buga alƙaluman inda ɗalibin jami'ar Gashuwa ko ta Dutse zai same su ba sai ya rubuta takardar roƙo ba. Ba a raba abin da ba a auna ba. Sannan ku haɗa kai da hukumomin muhalli kan ruwan masana'antun fata da rini na Sharaɗa da Challawa da ke malala cikin kogin, domin a ƙasa da shi ake wanka, da shi ake ban ruwan latas, shanu ma shi suke sha.

A ƙarshe ina gayyatarku. Ku sa taronku na gaba da masu ruwa da tsaki a Nguru ko Gashuwa maimakon Kano, a watan Maris ko Afrilu, lokacin da bambancin reshen da ya nutse da wanda ya bushe yake fitowa ƙarara. Ku gayyato Hukumar Raya Tafkin Chadi daga Maiduguri da wakilan jihar Diffa. Ku biyo mota ta Wudil da Ringim da Haɗeja, ku sauka a Likori, masunta za su ɗauke ku a kwale-kwale su kai ku bakin tsohon kogi ku taka yashin da ya toshe shi.

Allah Ya taya ku riƙon wannan amana, Ya ba mu damina mai albarka.

Wassalam.

Naku,
Wani ɗan fadamar Haɗeja